Wasan Da Ba Shi Da Amsa Yaudara Ce: Saƙo Ga Masu Haɗa "Nemo Bambanci" Da AI

Yau faɗa zan fara yi, darasi ya biyo baya. Wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri, amma sai na faɗa.

Makon jiya ƙanwata ta turo min wani hoto a WhatsApp. Hoton kasuwa ne cike da mutane da kaya, an rubuta a samansa: "Akwai kyanwa 7 a nan, mutum 1 cikin 100 ne kaɗai zai iya gano su." Ta ce ita da yaranta biyu sun fi rabin awa suna nema, biyar suka samu. Ƙaramin har ya fara ƙunci, wai shi ba shi da ƙwaƙwalwa. Na buɗe hoton a kwamfuta, na ƙara masa girma, na bi shi gida-gida kamar mai ƙidayar jama'a. Kyanwa huɗu na gani, sai wata halitta ta biyar mai kan kyanwa da ƙafar kaza. Ta shida da ta bakwai babu su, ba a taɓa saka su ba.

Na bi sawun hoton har shafin Facebook ɗin da ya saka shi. Sharhi rututu. Wannan ya ce shida ya gani, wancan ya ce takwas, wani yana ce wa wani makaho. Mai shafin kuwa ko uffan. Kuma na san dalilin shirunsa: shi ma bai san amsar ba. Ya buɗe manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya ce ta zana masa kasuwa ta ɓoye kyanwa bakwai, ya sauke abin da ta ba shi ya watsa wa jama'a ko dubawa bai yi ba.

Matsayata a kan wannan a fili take. Duk wanda ya saka wasan ƙwaƙwalwa alhali bai riƙe amsarsa a hannu ba, yaudarar mutane yake yi, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma AI ba za ta ɗauke masa laifin ba.

AI TA IYA ZANE, BA TA IYA ƘIRGA BA

Bari mu fahimci abin da ke faruwa a ciki, don kada a ce ƙiyayya ce kawai.

Manhajojin zana hoto da suka yi tashe tun 2022, irin su DALL-E 2, Midjourney da Stable Diffusion, ba sa zane irin na mutum, wato a zana kyanwa ta ɗaya, a zana ta biyu, ana ƙirgawa. Suna farawa ne da wani hargitsin ɗige-ɗige, kamar talabijin ɗin da ya rasa tasha, sai su riƙa share hargitsin kaɗan-kaɗan har wani abu mai kama da umarninka ya fito. Abin da suka koya daga miliyoyin hotuna shi ne yadda abubuwa suke kama. Sun san kamannin "kasuwa mai kyanwoyi da yawa". Bambancin biyar da bakwai kuwa sau da yawa yana kufce musu. Shi ya sa muka sha ganin hannu mai yatsu shida, da agogo mai lambobin da ba su da kan gado.

Gaskiya ne sababbin sun gyaru. Zanen hoto da ChatGPT ya samu a watan Maris na 2025, da na Gemini wanda aka fi sani da Nano Banana da ya fito a watan Agusta na 2025, sun fi na baya bin umarni nesa ba kusa ba. Amma gwada da kanka yau: ka ce a zana maka hotuna biyu iri ɗaya masu bambanci biyar kacal. Sau da yawa ɗayan biyu za ka samu. Ko dai bambancin bai kai biyar ba, ko kuma ya haura goma, domin manhajar ta sake zana hoton na biyu ne gaba ɗaya, fuska ta ɗan canza, inuwa ta gusa, maɓallin riga ya ƙaru. Mafi muni, idan ka tambaye ta ina bambance-bambancen suke, za ta jero maka guda biyar cikin natsuwa kamar gaske, ka duba ka ga biyu daga ciki babu su a hoton.

To idan injin da ya zana bai tabbatar da amsa ba, kai da ka saka ba ka duba ba, wa ya san amsar? Babu. Sai a bar bayin Allah suna ƙure ido a kan abin da babu shi.

DALILIN DA YA SA ABIN YA YAWAITA

Abu biyu suka haɗu a 2024. A watan Afrilu, Meta AI ya shigo WhatsApp da Facebook ga masu waya a Najeriya da Ghana, kowa ya samu mai zane kyauta a aljihunsa. Sannan a tsakiyar shekarar aka buɗe wa masu shafuka a waɗannan ƙasashe hanyar samun kuɗin talla a Facebook. Daga nan lissafin wasu ya koma ɗaya: me zai sa mutane su tsaya, su yi sharhi, su tura wa wasu?

Sai suka gano wani sirri mara daɗi. Wasan da yake da amsa yana ƙarewa: mutum ya gano, ya ji daɗi, ya wuce. Wanda ba shi da amsa kuwa ba ya ƙarewa, domin musu ne zai ɓarke, kuma kowane musu sharhi ne, kowane sharhi yana ƙara tura hoton gaba. Wato lalacewar wasan ita ce ribarsu.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2024 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun bibiyi shafukan Facebook sama da ɗari da ke tara mabiya da hotunan AI, irin hotunan nan na yaro ɗan Afirka da wai ya ƙera mota ko gida da robobin ruwa. Sun tarar da yawa daga cikin shafukan na masu cika mutane da shara ne da 'yan damfara, ana tara jama'a ne don a tura su wasu shafukan talla ko a sayar musu da abin da babu shi. Wasan kyanwar nan ɗan gidan su ne. Idan ka ga an ce "wanda ya gano ya danna adireshin da ke ƙasa ya karɓi kyautar data", ko "ajiye lambar wayarka a sharhi", to ka san inda aka dosa.

HUJJOJINSU, ƊAYA BAYAN ƊAYA

Na yi wannan maganar da wasu masu shafuka, kuma amsoshinsu ba sa wuce huɗu.

Na farko: "Haba malam, ai wasa ne kawai." To, wasa ne, amma wa ke biyan kuɗinsa? Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, kowa ya san yadda data take ƙuna. Mutum ya sayi 'yar datarsa da guminsa, ya yi cajin waya a shago, ya ba ka minti ashirin na rayuwarsa, kai kuma ka san babu abin da zai samu. Ko a dandali, wanda ya ɓoye dutsen dara a aljihu ba a ce masa ɗan wasa.

Na biyu: "Ba ni na yi kuskuren ba, AI ce." Idan tela ya ɗinka maka riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya ce laifin keke ne, za ka yarda? Keke ba ya miƙa wa kwastoma kaya. Wanda ya danna maɓallin wallafawa shi ne mai kaya.

Na uku: "Idan na ba da amsa mutane ba za su yi sharhi ba." Wannan ita ce hujjar da ta fi tona asiri, domin mai ita ya amsa da bakinsa cewa sharhin yake so, mutanen ba su dame shi ba. Kuma ko ta fuskar riba lissafin gajere ne. Tun watan Disamba na 2017 Facebook ya sanar cewa zai riƙa danne rubuce-rubucen da ke roƙon sharhi da turawa da kiran sunayen abokai ta hanyar dabara. A 2025 ma Meta ta sake cewa shafukan shara da kwafe-kwafe za su rasa isa ga jama'a, su kuma rasa kuɗin talla. Ko ba wannan, mabiyi ba wawa ba ne. Ka yaudare shi sau ɗaya, sau biyu, na uku zai wuce hotonka ko kallo bai yi ba.

Na huɗu: "Kowa haka yake yi." Ba kowa ba. Martin Handford, Baturen Ingila da ya fito da littattafan Where's Wally a 1987, waɗanda ake neman mutum ɗaya mai riga ja da fari a cikin taron ɗaruruwa, yakan shafe makonni yana zana hoto guda da hannu. Abin da ya sa littattafan suka zagaya duniya shi ne yaro ya tabbata mutumin yana nan, idan ya daure zai same shi. Wannan tabbacin shi ne jarin wasan gaba ɗaya.

Mu ma ai muna da namu. Wanda ya tashi ana kacici-kacici da dare ya san ƙa'ida: idan an kasa, mai tambaya ya ce a ba shi gari, a ba shi Kano ko Zariya ko Damagaram, sannan dole ya faɗi amsa. Waɗannan masu shafukan sun karɓi gari sun gudu da shi.

WANDA YA FI ƁATA MIN RAI: GWAJIN IDO NA BOGI

Akwai nau'in da ya wuce ɓata lokaci. Za ka ga da'ira cike da ɗige-ɗige masu launi, an rubuta "Idan ka ga lambar da ke ciki idonka lafiya lau, idan ba ka gani ba ka je asibiti." Wannan kwaikwayon gwajin makantar launi ne da likitan ido ɗan Japan, Shinobu Ishihara, ya fitar a 1917. A gwajin na gaskiya an zaɓi kowane launi da gangan: akwai faifan da mai lafiyar ido zai ga 74, mai matsalar rarrabe ja da kore ya ga 21. AI ba ta yin wannan lissafin, kamanninsa kawai take kwaikwaya. Ko na gaskiyar ma, hasken fuskar waya yana iya canza launukansa. Sakamako shi ne a tsorata mai lafiya, ko a kwantar wa mai matsala hankali. Don Allah ku bar wannan kwata-kwata. Gwajin ido aikin asibitin ido ne.

TO YAYA AKE YI DAIDAI?

Kada a ce na yi faɗa ban kawo mafita ba. Ƙa'idar ɗaya ce: AI ta zana fili, kai ka dasa wasan da hannunka. Amsa ake fara rubutawa kafin a haɗa tambaya. Duk abin da zan lissafa da waya ake yi.

Wasan nemo bambanci:

1. Hoto ƊAYA za ka nema, ba biyu ba. Buɗe Meta AI, Gemini ko ChatGPT, ka nemi zanen katun mai sauƙi da abubuwa rarrabe. Misali: mai shayi a bakin titi, da tebur, burodi, gwangwanayen madara, buta, benci da babur a gefe, launuka masu haske, babu rubutu. Ka fayyace sutura, ka ce hula da doguwar riga irin ta Arewacin Najeriya, in ba haka ba za ta iya kawo maka shigar wata ƙasa daban. Idan Hausa ta ba ta wahala, rubuta umarnin da Turanci.

2. Duba hoton da kyau kafin ka ci gaba. Ƙirga yatsu, duba ƙafafun benci, duba tayoyin babur. Idan akwai abin da ya karkace, sake nema. Kuskuren AI da ka bari zai rikita mai wasa.

3. Ɗauki takarda ka rubuta bambance-bambancen da kake so. Misali: a cire gwangwani ɗaya, a canza launin hula, a goge madubin babur, a ƙara cokali a tebur, a rage tsawon burodi. Ka haɗa masu sauƙi biyu, matsakaita biyu, mai wuya ɗaya.

4. Kwafi hoton, ka yi gyaran a kan kwafin da hannunka. Healing na Snapseed ko Magic Eraser na Google Photos suna goge abu. PicsArt ko ibisPaint X suna canza launi da ƙara abu.

5. Tabbatar da aikinka. Wannan shi ne matakin da malalata ke tsallakewa. A ibisPaint X, ko Photopea da ake buɗewa a burauza kyauta, ɗora hoto na biyu a kan na farko, ka canza yanayin haɗin leyar zuwa Difference. Duk inda hotunan suka yi daidai zai koma baƙi, inda suka bambanta ne kaɗai zai yi haske. Ƙirga wuraren hasken. Idan biyar ka ce, biyar za ka gani. Idan da AI ka yi gyaran, wannan gwajin ne zai nuna maka duk abin da ta taɓa ba da izininka ba.

6. Haɗa hoton amsa tun yanzu, ka zagaye kowane wuri da jan layi, ka ajiye.

7. Gwada kafin ka saka. Facebook da WhatsApp suna matse hoto don ya yi sauƙin sauka, ƙananan abubuwa kan ɓace a nan. Tura wa kanka, ka buɗe a ƙaramar waya, ka ba mutum biyu su gwada. Idan babu wanda ya iya gano na biyar ko bayan ka nuna masa, gyara shi.

Wasan nemo abin da aka ɓoye: nemi hoton fili daban, hoton kyanwa daban. Cire bayan hoton kyanwar da Photoroom ko wata manhaja irinta, ka riƙa dasa ta da kanka a wurare daban-daban, kowace a leyarta. Adadin leyoyin shi ne adadin kyanwoyin, babu zancen kuskuren ƙirga. Ka rage girma, ka daidaita launi da wurin, amma ka bar kunne ko wutsiya ko ido a fili yadda mai lura zai shaida ta. Kuma ka tabbata AI ba ta saka wata kyanwar tata a filin ba.

Rubutun da ke kan hoton kuwa, kai za ka yi shi a Canva ko makamancinta. AI tana yawan lalata haruffanmu masu lanƙwasa, ta mayar da ƙ ta koma k, ko ta ƙirƙiro harafin da babu shi.

Lokacin sakawa, faɗi abu uku: bambanci nawa ne, ƙarfe nawa za ka saka amsa, kuma da AI aka zana hoton. Idan lokacin ya yi, cika alkawari. Ka bar ƙaryar nan ta "mutum 1 cikin 100". Wa ya ƙirga su?

GA MASU CEWA A BAR AI GABA ƊAYA

Akwai kuma 'yan uwa da suka gaji har suka ce duk wasan da aka yi da AI shara ne. Ban yarda da su ba, kuma ga dalili. Akwai nau'in wasan ido da AI ta fi kowa iyawa. A watan Fabrairu na 2023 masu bincike a Stanford suka fitar da wata fasaha mai suna ControlNet, wadda ke ba ka damar ba Stable Diffusion wani tsari, kamar kalma ko da'ira, ta gina hoto a kansa. Da ita aka yi hotunan nan da suka yi tashe a 2023, waɗanda za ka ga ƙauye ne ko taron mutane, amma idan ka nisanta wayar ko ka ɗan runtse ido sai rubutu ya bayyana. A ƙarshen shekarar kuma masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna hotunan da idan ka juya su ƙasa ta koma sama sai su zama wani abu daban.

Ka lura da abin da ya sa waɗannan suke aiki: amsar aka fara ba injin, sannan ya lulluɓe ta da zane. Mai wasan ya san abin da ya ɓoye tun kafin hoton ya fito. Ƙa'idar da na faɗa ce dai.

Kuma ku duba amfanin da muke asara. Malamar firamare a Gusau ko Maraɗi, wadda ba ta iya zane ba kuma ba ta da kuɗin ɗaukar mai zane, yau za ta iya haɗa wa ɗalibanta wasan lura da hoton kasuwar garinsu, da rakumi da kwarya da tukunya, maimakon hoton dusar ƙanƙara da yaran ba su taɓa gani ba. Mai shago zai iya haɗa wasa na gaskiya ya jawo kwastoma. Wannan damar ce malalata suke ɓata wa suna.

ABIN DA NAKE ROƘO

Masu shafuka: minti talatin ya ishe ku haɗa wasa mai amsa. Idan ba ku da minti talatin ɗin, kada ku ci na mutum dubu.

Mabiya: kafin ku ƙure ido, ku leƙa shafin ku ga ko ya taɓa saka amsar wasannin baya. Idan bai taɓa ba, ku wuce, kada ma ku tsaya zaginsa, domin zagin ma sharhi ne, riba ce gare shi. Kada ku ajiye lambar waya a sharhi, kada ku danna adireshin kyauta. Kuma idan yaro ya kasa gano abin da ke hoto, ku duba da kanku kafin ya ɗauka laifin ƙwaƙwalwarsa ne.

Ɗan ƙanwata dai na haɗa masa nasa da hoton mai shayin nan, bambanci biyar cif. Ya gano huɗu, na biyar ya ba ni gari, na karɓi Katsina na nuna masa madubin babur.

Wanda ya gwada matakan nan ya ajiye hotonsa a sharhi tare da amsarsa, mu gwada mu gani. Wanda ya maƙale a mataki na biyar ya yi tambaya, a darasi na gaba zan kawo shi da hotuna dalla-dalla. Ku tura wa wancan abokin naku mai shafin kyanwa bakwai, ya san kansa.